Ta'aziyyar da Ta Zo Daga Gude

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba, har aka hana taruwa a masallatan Juma'a, ita ce shekarar da Allah ya karɓi ran mai ɗakina. Mutane kaɗan ne suka iya zuwa Gwarzo zaman makoki, ban kuma riƙe kowa a rai ba. Mutum ɗaya ne zuciyata ta ƙi yi wa uzuri, abokina na Gude a ƙasar Kabo, wanda muka yi karatun allo tare, muka koyi ajami a gaban malami ɗaya.

Tes ya aiko. 'Yata ce ta karanta mini, don bokona bai taka kara ya karya ba. "Allah ya jiƙanta." Shi ke nan. Babu sallama, babu ya haƙuri. Matar da ta yi shekaru tana dama masa fura duk ranar kasuwa, tana kiransa Yaya.

Na san ba shi ya rubuta ba. Faɗa wa wani ya yi, wanin ya datse don kada saƙon ya wuce shafi guda. Na san kunnensa ya yi nauyi, kiran waya ba ya yi masa. Daga baya ma na ji ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Amma ta'aziyya hakki ce, ni kuwa ban ji an ba ni hakkina ba. Na yi shiru, ya yi shiru. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, har na fara tsoron ɗayanmu zai tafi a haka.

Ana nan sai 'yar tawa ta kawo mini babbar waya, irin ta shafawa, ta sa mata data. Ta ce, "Baba, yanzu ba a yayin tes. Ka danna nan ka yi magana, ko a ɗauki hoton rubutunka a tura."

Na ce, "Wa zan tura wa?"

Ta ce, "Kai ma ka sani."

Ashe har ta samo lambar maƙwabciyarsa, wata malamar firamare 'yar Filato. Na tsoma alƙalami a tawada, na rubuta sallama da ajami, na ƙara da cewa, "Tsoho, in kana raye ka motsa." 'Yata ta ɗauki hoton ta tura.

Washegari bayan la'asar saƙon murya ya shigo. "Salamu alaikum." Sai shiru. Na zaci wayar ce ta tsaya, 'yata ta ce ai yana tafiya.

"Ina wuni, Malam?" Shiru kuma.

Sai ga muryar malamar daga gefe, da ƙarfi: "Baba, ba ya jin ka yanzu, ci gaba kawai!"

Ya ce, "Ke Malama, a ina aka taɓa gaida mutum a hana shi amsawa?" Sannan ya dawo kaina. "Rubutun nan naka har yau kamar kaza ta yi tono, amma na gane hannun. Ni kake ce wa tsoho? Wa ya riga wani fidda haƙori?"

Ya yi gyaran murya. Da ya sake magana, muryar ta sauka ƙasa.

"Malam, ya haƙuri?"

Wannan shirun ya fi sauran tsawo. Ina jin numfashinsa, ina jin kukan akuya a bayansa.

Na ce wa 'yata ta mayar da shi farko. Na gyara zama a kan buzu, na amsa sallamarsa, na amsa gaisuwarsa, kowace a gurbin da ya bar mini. Da ya zo kan haƙuri na ce, "Mun gode Allah." Ya yi wa marigayiyar addu'a mai tsawo, ya kira ta ƙanwarsa, ina cewa amin. Ya ce a yi Fatiha, ya jira na karanta, muka shafa.

Na jawo takarda na rubuta masa, "Ta iso, na karɓa. Allah ya ba da lada."