Gwangwanin Kawu Faci

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekararsa talatin da takwas yana facin keke a kusurwa ɗaya, tsakanin shagon tela da katangar makarantar firamare. Kayan aikinsa ba su da yawa: daron ruwa, famfo, gam, tsohon tiyub da yake yankawa, sai benci mai ƙafa uku da bulo ya zame masa ta huɗu. Da wannan ya raini 'ya'ya biyar, babban har ya zama malamin asibiti. Kowa a unguwa Kawu Faci yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Ni kuwa shekara tara na yi a waje ina karatun tsara birane, a garin da alƙalai ma a kan keke suke zuwa aiki. Na dawo da takarda mai hatimi da kuma tabbacin cewa ni garinmu yake jira. Ƙaramar hukuma ta ɗauke ni a sashen ayyuka, wata shida ban yi komai ba sai gyara wasiƙu. Sai majalisa ta ware kuɗi don hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Oga ya ce, "Ga abin da ka karanto ya zo. Zana mana."

Na ɗauki kujera da littafi na zauna a bakin babban titi ina ƙirga kekuna, kwana uku, daga ƙarfe tara zuwa huɗu. Na samu goma sha ɗaya. Na rubuta cewa tsoron motoci ne ya hana mutane fitowa, na ja layi a gefen titin a taswira, na shafa masa kore. Ranar Asabar na kai wa Kawu, don ya ga karatu bai tafi a banza ba.

Ya goge hannu a wando ya karɓa. "Injiniya, wannan koren, ciyawa za ku shuka?"

"Hanyar keke ce, Kawu."

"Ta goma sha ɗayan nan? Ai labari ya iso. Biyar daga ciki mai burodi ne, yana zuwa yana dawowa don ya ga ko lafiyarka ƙalau."

Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Ashe duk abin da ya ciro daga taya ba ya yarwa sai wata ya ƙare. Da shi yake gane inda mutum ya biyo, ya gaya masa gefen da zai riƙa kauce wa. Ya ware su da yatsa. Siraran ƙusoshi guda shida, na layin kafintoci. Gutsuren kwalba biyu, na babban titina. Sauran, tuli guda, ƙaya ce.

"Wannan duk daga 'yar hanyar bayan makaranta, wadda ta bi gefen lambatu ta ɓulle ƙofar baya ta kasuwa da asibiti. Kafin ka gama karin kumallo masu keke sun wuce. Kafin su dawo ka tashi daga aiki."

Hanyar ba ta ma cikin taswirata. Washegari da sassafe na tsaya a bakinta, kafin ƙarfe bakwai na daina ƙirge a ɗari biyu.

Na koma gida ina zuba, na ce wa Umma za a share ƙayar, a daɓe hanyar, a kafa fitilu. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ajiye tsintsiya.

"Kai dai karatun nan ya cinye maka kai. In ka share ƙayar, kawunka me zai ci?"

Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Na koma wurinsa jiki a sanyaye, na ce ai ba dole, zan iya barin koren layina a babban titi, oga ma nan ya fi so don nan manya ke wucewa su gani. Kawu bai ɗago ba. Ya danna tiyub cikin daro yana jiran kumfa.

"Kana tsammanin ban sani ba lokacin da na zazzage maka gwangwanin? Akwai mai sharar asibiti, sau uku a watan nan yana zuwa min da keke a kafaɗa, gumi har ƙafa, ya makara kuma an yi masa faɗa. In karɓi kuɗinsa in ji daɗi? Je ka daɓe, ɗana. Sai dai kada ka ambaci sunana, abokan sana'a za su ce na kashe mu."

Ranar zaman majalisa na je da hotunan hanyoyin ƙasashen waje guda ashirin, babu wanda ya kalla. Da na ga za a tashi, sai na zazzage gwangwanin, da na aro wurin Kawu, a kan tebur. Kansiloli suka matso. Ƙaya ta soki ɗayansu a yatsa, ya tsotse ya ce ya san ta, ita ta riƙa huda masa takalmi yana ɗan firamare. Aka amince. Shekara tara na karatu, gwangwanin madara ne ya yi min magana.

Wata huɗu aka gama aikin. Ranar buɗewa ciyaman ya yanke ƙyalle, ya ce injiniyan da ya zana ta, shi zai fara hawa. Aka miƙo min keken masinjan ofis. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, rabona da keke tun ina ɗan shekara goma sha biyu. A can ma bas nake shiga, ina kallon alƙalan ta taga. Na hau dai. Farko lafiya. A ƙarshen hanyar akwai gangare da kwana, ni na zana su da hannuna, na ce sun yi kyau. Na matse birki, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Daga cikin lambatu na ji sauran tafin.

Na kai wa Kawu keken a kafaɗa, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Ya duba ta, ya dube ni.

"Allah ya yi maka albarka. Ashe ka ajiye min aiki a ƙarshen gangaren."

Na ce zan sa a gyara kwanar.

"A gyara, kafin wani ya karye. Amma ka san aikin hukuma, ba a gaggawa."

Cikin mako biyu aka gyara, don kunya ta hana ni zama.

Yanzu faci ya koma uku ko huɗu a rana, inda da yake yin ashirin. Amma mutane sun zaro tsofaffin kekuna daga bayan ɗakuna, daɓen kuma yana sa gudu, gudu yana cin birki da sarƙa. Kawu ya sayi tabarau saboda ƙananan notunan keke. Abin bai kai na da ba, wasu safiyoyin yana zaune hannu rabbana har hantsi, amma bai tashi daga kusurwarsa ba. In na biyo, yakan nuna ni ga tela ya ce, "Ga ɗan 'yar'uwata. Shekara talatin da takwas ina nan, aikin hukuma ɗaya na ga an gama a kan lokaci, shi ma wanda ya rage min ciniki ne."