Hannun Kawu Tela

Kawu Tela bai taɓa jin ƙarar kekensa ba. Kurma aka haife shi, ba a kuma kai shi makaranta ba, don haka tun suna yara shi da yayarsa suka ƙirƙiro nasu yaren hannu. Shafa gira, gobe ke nan. Taɓa gwiwar hannu, babansu. Babu abin da ya haɗa gira da gobe, su biyun ne kawai suka yarda da hakan, shekara sittin ba wanda ya fasa.

A shago ita ke zama bisa bencin bakin ƙofa. Mai kawo ɗinki ta faɗa mata, ita kuma ta zuba masa da yatsu, har da abin da ba a faɗa ba: ƙugun wannan ya wuce yadda take faɗi, ƙara inci biyu. Sai ya kece da dariya, mai kaya ta tsargu.

Da ta rasu, 'ya'yanta suka zauna a kansa. Babban ya ce idon Kawu ya gaji, ya dawo ɗakin baya a gidan shi babban ya huta, shagon kuwa a sa firji matar babban ta riƙa sayar da lemo. Ƙanwar babban ta ce a tambayi mai shago mana. Sai dai alamar abinci da ta barci kaɗai suka iya. Lokacin da Innarsu ke raye, wa zai wahalar da kansa?

Aka ɗauko malami daga makarantar kurame. Kawu ya sa sabuwar hula, ya gyara zama, ya yi bayani tiryan-tiryan: idonsa ƙalau, ga riguna bakwai ya yanka bai haɗa ba, a nuna masa tsohuwar rigar mutum ya isa ya gane awonsa. A bar shi da kekensa. Malam ya mayar masa da nasa hannun, da sauri, tsaf-tsaf. Kawu bai tsinci komai ba.

Malam ya ce gaskiya shi ma bai gane ba. Wannan yaren gida ne, ba na makaranta ba. Wa kuma ya iya?

"Wadda ta iya tana ƙasa," in ji babban.

Kawu ya karanci fuskokinsu. Ya zari allura, ya zura zare a karo ɗaya, ya ɗaga ta sama, hannun ko rawa ba ya yi.

"Kun gani?" in ji babban. "So yake a tafi masa da kayan ɗinkinsa. Za a kai, Kawu."

"Yaya, kai ma ka san ba haka ya ce ba," in ji ƙanwar.

"To fassara mana, malama."



Keken yana ɗakin baya yanzu, an jera kwalaye a kansa. Kawu na wuni a bakin gado, tafukansa tsakanin gwiwoyi. Matar gidan tana yabonsa wurin maƙwabta: tsoho ne marar fitina, tun da ya zo ko hannu ba ya ɗagawa.