Yadda Goggo Ladidi Ta Koyi Marathi

Duk wadda ta taɓa shiga lif ɗin gidanmu na Sri Petaling tare da Goggo Ladidi ta san da abin da zan fara. Goggo ba ta iya tsayawa kusa da mutum ta yi shiru. Ƙofa na rufewa za ta juya ta dubi na gefenta, ta yi masa murmushi, ta nuna bakinta ta nuna nasa, wato yaya ake gaisuwa a garinku? Kafin mu kai ƙasa ta karɓi gaisuwar, ta juya ta a baki, ta mayar masa da ita a karkace. Ba ta daɗe da zuwa ba ta iya gai da mai gadinmu da yaren Nepal, mai shara da na Bangladesh, tsohon nan ɗan Caina mai yawo da ƙaramar rediyo shi ma da nasa. Ni da na yi shekaru a gidan ko sunan ɗayansu ban sani ba.

Nakan ce, "Goggo, don Allah ki riƙa ƙyale mutane, nan fa ba Fagge ba ce."

Sai ta ce, "To su ba a haife su da baki ba ne? Ke dai boko ya mayar da ke kurma."

Ga waɗanda suka zo bayan tafiyarta, Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ta zo Kuala Lumpur ne yi mini wankan jego da na haifi Hanan, lokacin Abban Hanan yana tsakiyar karatun digirinsa na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. 'Yar kasuwa ce, ta sayar da atamfa da leshi har ta tsufa, ta je Kwatano, ta je Jidda, ta je Dubai. Ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba.

A nan ne ciwon gwiwarta ta hagu ya tashi gadan-gadan. Muka kai ta asibiti, likita ya ce ƙashin ya cinye, sai an sauya gwiwar. Babban ɗanta, Yaya Nasiru, ya bugo waya daga Kano ya ce ya samo asibiti a wani gari da ake kira Pune a Indiya, inda aka yi wa mahaifiyar abokinsa irin wannan aiki. Zai zo ya ɗauke ta idan na yi arba'in na warware.

Mun zata za ta tsorata. Sai cewa ta yi, "Indiya? Ai gida ne. Ni da na fara kallon fim ɗinsu tun kafin a haifi uwarki."

Don ta nuna mana, ranar wata Asabar da muka je karyawa a shagon mamak na bakin layi, gidan abincin nan na Indiyawa, ta ce kada wanda ya yi magana, ita za ta yi odar. Mai kawo abinci ya zo ya tsaya. Goggo ta gyara mayafi ta zuba masa Indiyanci. Abin da ba mu lura da shi ba sai a ranar, duk Indiyancin Goggo na soyayya ne da ɗaukar fansa. Akwai zuciya a ciki, akwai rayuwa, akwai rantsuwa da uwa, amma babu shayi babu burodi. Mutumin ya saurara har ta dire, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Makan apa, makcik?" Da Malay ke nan yake tambayarta me za ta ci.

Goggo ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Wannan jabu ne. Ba Ba'indiye ba ne."

Abban Hanan ya danne dariya ya yi mata bayani cewa mutumin Tamil yake ji, kuma Indiya kamar Najeriya ce, kowane yanki da yarensa. Goggo ta ture farantinta. Ko rabin rotinta, burodin nan nasu, ba ta ci ba, sai tapau muka yi mata, wato aka ƙunshe mana shi, muka taho da shi gida. Da muka dawo ina shirya Hanan, ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa, ta ce, "Rukayya, ni ba yankan nake tsoro ba. A sa ni barci, in farka a cikin mutanen da ban san yadda zan ce musu da zafi ba, shi nake tsoro."

Ban taɓa jin Goggo ta ce tana tsoron wani abu ba sai ranar.

Ashe maganin yana ƙofar da ke kallon tamu. Wani matashi ne mai suna Amol yake zaune a ciki, yana aikin kwamfuta a Bukit Jalil, ya ɗauko mahaifiyarsa daga Indiya bayan rasuwar mijinta. Tsohuwa ce 'yar firit mai farin gashi, ba ta jin Turanci ba ta jin Malay, tun safe har yamma tana ciki ita kaɗai. Yaran gidan suna ce mata Aji, wato kaka a yarensu, mu ma muka bi.

Wata safiya Goggo na zagaya baranda da Hanan a kafaɗa, sai Aji ta leƙo, ta haɗa tafukan hannu, ta ce, "Kashi ahes?"

Goggo ta tsaya cak. Ta ɗaga Hanan ta shinshina, ta leƙa famfas, ta ga tas. Ta shigo tana faɗa, "Rukayya, zo ki ji mini matar nan. Yanzun nan na wanke yarinya, wai ta yi kashi. Kuma a ina ta koyi Hausa?"

Da yamma Amol ya dawo aiki, Abban Hanan ya tare shi ya tambaya. Sai da Amol ya jingina da bango don dariya. Ya ce a yarensu na Marathi haka ake tambayar mace yaya take. Da aka tambaye shi ina ne garinsu, ya ce Pune.

Goggo ta ce a tambaye shi, a can wane yare ake yi. Ya ce kada ta damu, likitoci duk suna jin Turanci, Hindi ma kowa na ji.

Ta ce, "Ba wanda suke ji na tambaya ba. Da wanne suke yi wa 'ya'yansu faɗa?"

Ya ce da Marathi.

"To shi nake so."

Washegari Goggo ta shiga aji wajen Aji. Amma ku da kuka san ta kun san ba za ta je gidan mutane hannu na dukan cinya ba. Ta sa na yi farfesun kaza, ta zuba a kwanon da ya fi kowanne kyau, ta ɗingisa ta buga ƙofa. Aji ta buɗe murfi, ta ga cinya, ta ja da baya tana girgiza hannu tana cewa, "Nako, nako."

Goggo ta ce, "Eh, naku ne. Ai shi ya sa na kawo."

"Nako!"

"Na ce naku ne, baiwar Allah, karɓi."

Haka suka yi ta tura kwano tsakaninsu har na fito na raba. Aji ba ta taɓa sa nama a bakinta ba tunda aka haife ta, kuma nako na nufin ba na so. Goggo ta dawo da farfesunta ta zauna ta cinye, tana jinjina kai tana cewa, "Mace har ta tsufa ba ta san daɗin kaza ba. Allah Sarki." Amma da gari ya waye ta jiƙa wake, ta sa na markaɗa, ta soya ƙosai ta kai. Wannan karon kwanon ya dawo babu ƙosai ko ɗaya, sai ma wani abu mai zaƙi da aka sako a ciki.

Daga nan kullum da hantsi, idan Hanan ta yi barci, Goggo na can. Babu allo babu littafi. Aji ta ɗaga albasa ta ce kanda, Goggo ta ce kanda. Ta ɗaga ruwa ta ce pani. Ina jiyo su ta bango, tsofaffi biyu suna ta ƙyaƙyata dariya kamar 'yan mata a gidan biki. Wani lokacin kuma sai in ji shiru, in leƙa, in tarar Aji na shafa wa Goggo wani mai mai ɗumi a gwiwa, kowacce na ba da labari da yarenta, ɗayar na gyaɗa kai. Na taɓa tambayar Goggo me Aji take faɗa mata haka.

Ta ce, "Labarin mijinta."

"Goggo, yaya aka yi kika gane?"

"Ke ba ki taɓa rasa miji ba, Allah Ya sa kada ki gane da wuri."

Kalmar da ta kai ta makarantar kuwa ita ta fi ba ta wahala. Don ta samo yadda ake cewa da zafi, sai ta mintsini hannunta ta yamutsa fuska. Aji ta duba wurin ta ce, "Das." Goggo ta dawo da murna, ta wuni tana dafa gwiwa tana cewa das, das. Sai da aka kwana biyu Amol ya ji ta, ya tambayi Abban Hanan ko sauro na damun mu a gida ne, yana da magani. Ashe das sauro ne. Da zafi kuwa dukhta ake cewa.

Goggo ta ce, "Da yanzu an yanka mini ƙafa ina ta kiran sauro."

Akwai wata gaisuwar da ta ƙi faɗa da farko. Mutanen Aji idan suna ƙaunar mace sukan tambaye ta jevlis ka, wato kin ci abinci? A bakin Goggo sai ta koma jeblis. Ta yi a'uziyya ta ce ita ba za ta ambaci Iblis da girmanta ba. Da Amol ya fassara mata, sai ta ce, "Mutanen da gaisuwarsu ita ce kin ci abinci, ai mutanen kirki ne." Daga ranar har mai gadi ɗan Nepal sai da ya sha jeblis ka.

Da Yaya Nasiru ya zo, ranar tafiya mota na jira a ƙasa, Goggo ta tsaya a ƙofar Aji ta ce Amol ya tambayar mata yaya ake cewa na tafi. Aji ta girgiza kai ta yi magana mai tsawo. Amol ya ce wai a wurinsu mai tafiya ba ya cewa ya tafi, yete ake cewa, ina zuwa. Goggo ta ce, "Kamar mu ke nan, sai na dawo." Ta riƙe hannun Aji da hannu biyu ta ce yete. Suka daɗe a haka, har direban ya bugo waya.

Abin da ya faru a Pune daga bakin Yaya Nasiru na ji. Ya ce da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, yana zaune yana ta addu'a, sai ta buɗe ido da ƙyar. Wata yarinya nas na tsaye a kanta tana gyara ƙarin ruwa, da gani ta gaji. Ya zata Goggo za ta ce dukhta, kalmar da ta sha wahala a kanta. Sai ta dubi yarinyar ta ce, "Jeblis ka?"

Ya ce yarinyar ta saki baki, ta rufe shi da hannu, idonta ya kawo ruwa. Ashe tun safe ba ta ci komai ba. Kafin la'asar duk nas-nas ɗin sashen sun zo ganin tsohuwar Afirka mai jin yarensu. Ita kuma Aji ta riga ta buga wa ƙanwarta da ke Pune waya, kullum sai ga ƙanwar da kwanon abinci har aka sallame su. Yaya Nasiru da digirinsa ya koma ɗan riƙe jaka, idan yana son wani abu sai ya ce, "Hajiya, gaya musu."

Daga Indiya Kano suka wuce. Goggo ta taka sabuwar gwiwarta ta je biki ta je suna, ta koma kasuwa duk da an hana ta. Kowace Juma'a sai ta turo mini saƙon murya ta ce in kai wa Aji, rabi Marathi rabi Hausa, ni kuma in tsaya riƙe da waya su yi ta yi. Tana ta cewa za ta zo idan na sake haihuwa. Allah bai nufa ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka bugo mana da safe aka ce ta cika.

Da kuka watse daga zaman gaisuwa a gidanmu a ranar, akwai abin da ba ku gani ba. Ban san yadda zan gaya wa Aji ba, sai na jira Amol ya dawo ya faɗa mata. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta juya ta shiga ciki. Can sai ga ta da tukunyar shinkafa da miyar wake. Amol ya ce a al'adarsu gidan da aka yi rashi ba a kunna wuta, maƙwabta ke ciyar da su. Ta ajiye tukunyar, ta zauna kusa da ni a ƙasa, ta dafa kaina da ɗan siririn hannunta. Sai na ji ta ce, da Hausa, a karkace, "Sannu, 'yata. Sannu."

Duk zaman da suka yi ban taɓa sanin Goggo ma tana koyarwa ba.

Allah Ya jiƙan Goggo Ladidi, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Yadda ba ta bar baƙo ya tsaya kusa da ita cikin kaɗaici ba, Ya Allah kada Ka bar ta ita kaɗai. Ka sa ta farka a cikin masu yi mata maraba. Amin.