Kuɓewa da Ganda

Ba na cin miyar kuɓewa. Ba na cin ganda. Jikokina sun ɗauka haƙori ne. Haƙorana ƙalau suke. Bompai, unguwar masana'antu, ce ta raba ni da su.

Wajen shekarun da Turawa ke shirin tafiya na shiga wani kamfanin fatu a can. Ban yi boko ba, sai aka ba ni rami. Ramuka ne na siminti, cike da ruwan magani, nan ake jiƙa ƙirgin shanu har gashi ya saki. Wani ƙirgin da tsutsarsa yake zuwa. In ya kwana biyu a ruwa sai ya kumbura, ya yi fari, ya yi laushi. Mu jawo shi da ƙugiya, mu shimfiɗa a kan gungume, mu kankare da wuƙa mai ƙota biyu. Abin da ke bin wuƙar ya zubo ba nama ba ne, ba ruwa ba ne. Wani yauƙi ne mai kauri, toka-toka, da gashi a ciki. In ka ɗaga hannu sai ya biyo ka kamar zare, ya tsinke, ya faɗo maka a ƙafa. Ɗoyin kuwa ba ya tsayawa a hanci. Maƙogwaro yake sauka ya zauna.

In jiniya ta yi kuka da rana sai mu fita bakin ƙofa wurin masu abinci. Tsofaffin ma'aikata su tsuguna su kwashi tuwo, ƙudan rami na sauka a bakin kwanonsu. Suka ce in yi haƙuri, hanci zai mutu. Nawa bai mutu ba. Na koma gyaɗa da ƙuli-ƙuli da gasasshen rogo, duk abin da ya bushe, wanda ke ƙara a baki.

Gidanmu a Challawa yake. Lokacin gonaki ne da kogi kawai. Ina kwana a ɗakin haya kusa da wurin aiki, ran Lahadi in hau keke in je gida.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Haka ake yi, ban taɓa jin haushi ba. Maganarta da ni guda ce, akushi. Tun ina ƙarami na fi son tuwon dawa da ɗanyar kuɓewa. Ta sani, ba ta taɓa cewa ta sani ba. Takan ajiye akushin a ƙofar ɗakin kakata, uwar ubana, ta juya. Ba ta tambayar ko na ƙoshi. Akushin take dubawa in ya koma.

Lahadin farko bayan na shiga rami, na wanke hannu, na buɗe murfi. Inna ta ƙara har da ganda, tunda na zama mai aikin ƙarfi. Ga ta nan fara, ta kumbura, tana rawa a cikin miya, da gashi guda da wuta ba ta ƙone ba. Na gutsuri tuwo, na tsoma, na ɗaga. Miyar ta biyo hannuna kamar zare. Hannun kansa warin rami yake, sabulu bai fitar ba. Na rufe ido na haɗiye. Na ƙara. A loma ta uku na miƙe. Na ruga bayan rumbu na amayar da komai.

Rumbun yana jikin madafi. Inna tana ciki.

Ban iya yi mata bayani ba. Ɗan fari ba ya zama ya ba uwarsa labarin cikinsa. Mako na gaba na ci gayan tuwo, na mayar da miya yadda ta zo. Na bayansa na zo da cokalin ƙarfe a aljihu, don in raba hannuna da bakina. Cokalin ma yauƙi ya bi shi. Kaka ta gani ta yi ta dariya, wai angonta ya zama Bature, saura ya sa wa tuwo gishirin kwalba. Ta ce in na gaji da ita in sake ta, ta samu manomi mai cin miya. Duk gidan ya ji. Daga madafi ba a yi dariya ba.

Wata Lahadi na buɗe akushi, ba tuwo, ba miya. Burodi ne, an aika garin Kumbotso an sayo. Yana kwance shi kaɗai a cikin baƙin akushin da Inna ta saba zuba mini tuwo tun ina rarrafe. Na gane. Abincin 'yan kamfani ke nan, tunda nata ya yi mini ƙazanta. Na zauna ina kallonsa. Shi ma ban ci ba.

Kaka ta daina wasa. Ta ce in faɗa mata gaskiya, wata ce ke ciyar da ni a birni, ko kuwa na raina hannun da ya raine ni? Ban iya dogon zance ba. Na miƙa mata hannun damana.

Na ce, "Sansana, Kaka."

Ta kama, ta kai hanci. Ta ture hannun, ta kau da kai, ta tofar da yawu a ƙasa. Ta ja bakin zane ta toshe hanci, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Kai, mushe kake aure a can?"

Na gaya mata ramin, da wuƙar, da abin da ke bin wuƙar. Kafin in gama ta ce ya isa, ita ma na ɓata mata miya. Ta tashi ta dogara sanda ta tsaya tsakar gida, ta fuskanci kaji. Da ƙarfi ta shaida wa kajin cewa angonta ba raini yake ba, ruɓaɓɓiyar fata yake damawa tun safe har la'asar, kowa ya zo ya ji hannunsa in yana da ƙarfin zuciya. Taɓarya ta tsaya a madafi. Can ta ci gaba.

Na hau kekena na koma.

Lahadin da ta biyo na tarar da akushi a ƙofar Kaka. Na daɗe ban buɗe ba. Dambun gero ne, a warware, da zogale da garin ƙuli, ko ɗigon miya babu. An soka ƙaramar ƙoshiya a tsakiya. A gefe ga tsingaro da toka da rabin lemun tsami.

Na cuɗe hannu da su har ya yi zafi. Warin bai tafi ba. Ba a hannu kaɗai yake ba, yana cikin kaina, dambun ma sai da na ji ramin a cikinsa. Na cinye duka. Na kankare gindin akushin da ƙoshiya yadda za a ji ƙarar daga madafi, na kife shi a inda na same shi.