Istifanus Ashafa, Mai Feshin Gazara

Haihuwa da Karatu

An haifi Istifanus a shekarar 1941 a Gazara, ƙasar Makarfi. Sunan mahaifinsa Ashafa, mahaifiyarsa kuwa Azumi, dukansu manoma ne da suka karɓi addinin Kirista yana goye. Ya yi aji huɗu a makarantar mishan, sannan rasuwar mahaifinsa ta mayar da shi gona.

Aiki da Iyali

A shekarar 1963 ya samu aikin lebura a gonar gwaji da ke Ikara, inda ya fara ganin injin feshi irin na goyo. Ya auri Selina, 'yar Likoro, a 1966, Allah ya ba su 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri. A 1979 ikkilisiyarsu ta zaɓe shi dattijo, aka damƙa masa rabon ƙoƙon Jibin Ubangiji, wanda ake zagayawa da shi masu sujada su sha, kuma babu wani matsayi da ya ɗauka da daraja kamar wannan.

Shekarun Feshi

Lokacin da gwamnatin soja ta rage ma'aikata a 1984, yana cikin waɗanda abin ya shafa, sai ya sayi tsohon injin feshi ya koma gida. Da aka shiga tsuke bakin aljihu, ladan 'yan ƙwadago ya gagari manoma, suka koma ga maganin ciyawa, ya zama ana nemansa daga gonakin rake na Makarfi har masarar Kudan. Safar hannu da takalmin roba sun fi ƙarfinsa. Tankin yana yoyo a gadon bayansa, idan kan injin ya toshe kuma da baki yake hura shi. Haka ya yi damina tara.

Rashin Lafiya

A 1993 hannunsa na dama ya fara karkarwa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, maganarsa ta yi nauyi. Wata Lahadi a 1994 ƙoƙon ya zube a hannunsa a gaban jama'a, aka soma cewa burkutu yake sha a ɓoye, dattawa suka sauke shi suka sa shi ƙarƙashin horo. Bai yi musu ba, ya koma bencin baya, kuma bai daina zuwa sujada ba.

Maƙwabcinsa na gona, Malam Maiwada, Musulmi, ya taka har gidan fasto ya ce, "Ranka ya daɗe, tare muke cin tuwo a bakin kunya. Da yana sha, ai hancina bai mutu ba." Aka gode masa, ba a canza komai ba.

A 1996 Maiwada ya kai shi asibiti a Zariya. Likita ya ce cutar Parkinson ce, mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma da ya ji sana'arsa ya ce bincike yana nuna masu yawan taɓa wasu magungunan ciyawa sun fi shiga haɗarinta, ko da yake ba zai rantse cewa su ne sanadi ba. Selina ta kai wa dattawa wannan bayani, suka yi alkawarin zama a kai. Sauyin fasto da wasu hidimomi suka yi ta ɗage zaman, shi kuwa duk Lahadi yakan tambaye ta ko an zauna.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa a watan Agusta na 1998, yana da shekara hamsin da bakwai, aka binne shi washegari a maƙabartar Kirista ta Gazara. Ranar Lahadin da ta biyo baya aka sanar a majami'a cewa an janye horon, an maido da shi cikin dattawa.

Ya bar matarsa Selina da 'ya'ya biyar waɗanda suka ji sanarwar a madadinsa: Julius, Veronica, Elias, Hassana da Angelina.