Irin Dawar Inna da Sabon Kicin

Madafar gidanmu na Rogo Ruma ta girme ni, ta girmi Yaya. Ginin ƙasa ce mai rufin azara, ƙofarta sai an sunkuya. In ka ɗaga kai ba abin da za ka gani sai baƙin kunkunniya, da zangarniyoyin dawa a ɗaure suna reto saman murhu. Wannan dawar irin Inna ce. Daga Falgore ta zo da ita lokacin aurenta, fara ce mai ɗan ja-ja a kai, kuma Inna ba ta ɗauki tuwon wata dawa abinci ba. Kowace kaka da kanta take shiga gona ta zaɓi kawuna masu nauyi, ta ɗaure, ta rataye a madafa har ruwan shuka. Haka ta ga uwarta na yi. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Iri a madafa yake zama, shi ke nan.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin mijina ya rasu, na kwaso yarana daga Unguwar Hajji na dawo gida, girki ya koma kaina. A shekarar ne Yaya, da ke aiki a Kano, ya zo bayan kaka ya tarar da Inna na fitowa daga madafa tana tari, idonta na zubar da ruwa.

Ya ce, "Inna, hayaƙin nan ne ke cinye miki ido. Rushe ɗakin za a yi, a gina miki kicin."

Ta ce, "Mene ne kuma kicin?"

Na ce, "Madafa ce da ta je Kano ta dawo."

"Ke dai bakinki ba ya hutu," in ji Yaya. "In an gama ke za ki fi kowa jin daɗi."

Ban musa masa niyya ba, don Allah ya yi. Amma shi mota ya hau ya koma, ni aka bar wa aikin. Magini ya zo daga Karaye da leburorinsa, ya ce kafin wata ya mutu sun gama. Sai da muka cinye rani. Ni ce jan ruwa a rijiya don kwaɓa siminti, ni ce dafa musu abinci a tsakar gida, a kan duwatsun murhun da na kwaso daga ɗakin da suka rushe, iska na zuba min ƙasa a miya. Yau siminti ya ƙare, gobe ana jiran kwanon rufi daga Kano, jibi magini ya tafi suna. Ran da ya dawo na ce masa, "Malam, jaririn ka tsaya yaye?" Ya ce, "Uwar gida, miyar jiya ma ai bulo za ta yi, yashi ya ji." Na ƙi dariya. Bayana ciwo yake, tafin hannuna duk ya tsage.

Duk wannan lokacin irin na ɗakin Inna, a kusa da gadonta. Abu ɗaya ta roƙa a ginin gaba ɗaya: a kafa mata ƙusa babba a sama, inda za ta rataye shi. Aka kafa.

Kicin ya fito fes, ba ƙarya. Bulo, rufin kwano, silin, farin fenti, ƙofar ƙarfe mai kwaɗo. Yaya ya kawo risho, ya kafa doka: kada a kuskura a hura itace a ciki, fentin zai lalace. Inna ta sa aka rataye mata irinta a ƙusar, ta yi wa Yaya addu'a.

Wanda bai taɓa tuƙa tuwon gida guda ba shi ke cewa a yi a risho. Ka danna muciya, tukunya ta karkace, rishon ya bi ta. Kalanzir kuma yau akwai, gobe a ce sai Karaye. Ban yi nisa ba na koma kan duwatsuna na tsakar gida. Kicin ya zama wurin jera kwanonin da ba a taɓawa, muka rufe shi da kwaɗo don kaji. Zafin bazara ya zo ya zauna a kan kwanon rufin. Hankalinmu kwance, iri na madafa.

Da aka yi ruwan shuka, Inna ta ce in je in sauko da shi. Na taka turmi, na kama damin, sai gari ya zubo min a fuska, wasu ƙananan ƙwari suka tashi. Na kai mata a faifai. Ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hura. Kusan ba abin da ya rage.

Ta ce, "Ashe hayaƙin ne."

Hayaƙin murhu ke korar ƙwari daga iri tun zamanin kakanni. Mu mun riƙe ɗakin, mun fitar da wutar.

Dawar da ke rumbu kuwa tuni mu da leburori muka cinye ta. Washegari na hau akori-kura zuwa Falgore wurin Kawu, ƙanin Inna. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da yara da gajiya, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi dariya. "'Yar nan, tun da takin zamani ya shigo ai mun koma masara. Wa ke ta wannan dawar mai daɗewa a gona?" Ya bi da ni gida-gida wurin tsofaffi. Kowa ya tuna ta, kowa ya yabi tuwonta, ba mai ko ƙwara.

Na dawo na sussuke abin da ƙwarin suka bari, na sheƙe, na zuba a ƙwaryar ruwa. Mafi yawa suka taso sama, fanko ne. Wanda ya nutse bai cika tafi ba. Na shuka shi a bayan gida, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Kaɗan ya tsiro. Inna kan fito da sanda ta tsaya a kai.

Da kaka kawunan da na yanka hannu ɗaya ya riƙe su. Na ɗaure, na rataye a ƙusar, na kinkimo duwatsuna na dasa a tsakiyar simintin, na hura itace. Hayaƙi ya rasa mafita, na ɓalle ƙyauren taga.

Yaya ya zo da Sallah, ya leƙa, ya ga silin ya zama gindin tukunya.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce."

"Kin san wahalar da na sha kafin..."

"Na sani, Yaya. Ni na ɗebo ruwan."

Ya dubi Inna ko za ta sa baki. Ta ce masa ya zauna ya ci abinci.

Abin da muka samu a shekarar bai isa ci ba, duk iri ne. Shekarar da ta biyo ma na ce a daka mata ko na kwano ɗaya, ta hana. Ta ce a bari ya yi yawa tukuna. Tuwon dawar kasuwa take ci, ta yi loma kaɗan ta ture.

A daminar da dawar ta cika gefen gona Inna ta kwanta, ba ta kai kaka ba. Bayan an girbe na ware iri, na surfa sauran, na kai niƙa, na tuƙa. Yara suka cinye nasu suka fita wasa, ba wanda ya ce ya ji bambanci. Na zauna a bakin murhu da nawa har ya huce.