Ranar da Aka Ambaci Littafin Yaya

A bayan ɗakin karatu na jami'a, tsakanin mai ɗaurin littattafai da mai gyaran waya, akwai shagon wani mutum da ɗalibai ke kira Baba Manazarta. A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta gama cinye masa gemu. Sana'arsa guda ce: ka kawo kundin bincikenka, ya shirya maka fayil ɗin manazarta, wato littattafan da ka ce ka karanta. Kowane littafi ya raɗa masa gajeren laƙabi, ya zuba sunan marubuci da shekara da maɗaba'a, kowanne a gurbinsa. In ka ambaci laƙabin a cikin rubutunka, manhajar tsara shafi ta jawo littafin ta jera shi a ƙarshen kundi. In ba ka ambata ba, ko ya tsufa a fayil ɗin ba za ta kula shi ba. Manhajar ba ta da kara, shi ma Baban bai fi ta ba sosai.

Yana da wa guda, wanda ya taɓa rubuta littafi a kan kiwon tattabaru. Kwafe-kwafen suna nan jibge a ƙarƙashin gado, gara ce kaɗai ke leƙa su. Duk fayil ɗin da Auta ya shirya sai ya saka littafin a ciki, amma tun da ba wanda ya ambace shi, bai taɓa fitowa a takarda ba. Akwai umarnin da zai tilasta wa manhajar ta fito da kowa da kowa. Auta ya san shi sarai, ya ce wannan cusa kai ne, yayansa ba ɗan gayyar soɗi ba ne.

Sai dai ya riƙa lallaɓa ɗalibai.

“Ɗana, babu inda tattabara za ta shiga aikin nan?”

“Baba, a kan dokar haya fa nake rubutu.”

“To, ai su ma a gidan mutane suke zaune.”

Da ciwo ya kwantar da Yaya, tambayarsa ta zama guda. Auta na sallama zai ce, “An ambace ni?” Shi kuma ya ce, “Tukuna, Yaya.” Wannan tukunar tana ci masa rai, don yana ganin yadda mutumin ke ramewa.

Ana nan sai ga wata ɗaliba mai karatun likitan dabbobi, bincikenta a kan cututtukan tsuntsaye. Auta ya je gida ya zaro kwafi ya kakkaɓe, ya miƙa mata da hannu biyu. Da ta dawo da kundinta, ga laƙabin nan a tsakiyar shafi. Ya gyara tabarau ya karanta jimlar. Cewa ta yi maganin da marubucin ya bayar a babi na bakwai kuskure ne, yana ma iya kashe tsuntsu.

“Baba, ko in cire? Na ga fuskarka ta sauya.”

“Kin karanta shi da gaske?”

“Wallahi na karanta.”

“To bar shi, 'yata.”

Ya danna maɓalli, manhajar ta yi aikinta, sunan Yaya ya fito a jeri tsakanin wasu farfesoshi biyu. Auta ya buga shafin, ya rufe shago tun kafin la'asar.

Yaya ya kai takardar dab da hanci, ya bi sunansa da yatsa.

“Me ta ce a kaina?”

Auta bai iya kwana-kwana ba. “Ta ce ka tafka kuskure a babi na bakwai.”

Yaya ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Auta, har babi na bakwai ta kai?”